John, Jack da Jak Ɗin Bakanike

Jak ɗin nan da bakanike yake turawa ƙarƙashin mota idan taya ta yi faci, sunan mutum ne. Ba ina nufin wanda ya ƙera shi ko kamfanin da ya sayar da shi ba. Sunan yanka ne da ya shafe sama da shekara dubu biyu yana yawo daga bakin wata al'umma zuwa na wata, yana gogewa kamar tsohon kwabo, har wani reshe nasa ya ƙare a gareji cikin baƙin mai. Kakansa ɗaya da John ɗin da kuke karantawa a littafin Turanci, da Jones, da Evans, da Jane, har da Ivan na ƙasar Rasha. Zuriyar nan nake so mu bi yau, ƙannena, domin ni dai bin diddigin irin waɗannan sunaye ne ya sa Turanci ya daina yi mini kwarjini. Ɗalibai da yawa suna kallonsa kamar wani ginin da aka sauko da shi a kammale, sai dai a haddace. Alhali bakin talakawa ne ya murɗa shi ya lanƙwasa shi, kamar yadda bakinmu yake yi wa Hausa kullum.

Tushen sunan a harshen Ibrananci yake, inda ake cewa Yohanan. Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko gajeren sunan Ubangiji ce a wannan harshe, ta biyu kuma daga saiwar da ke nufin alheri da tausayi. Ma'anarsa ke nan, Ubangiji ya yi alheri. Da yake Ibrananci da Larabci 'yan uwa ne, saiwar nan ba baƙuwarmu ba ce. Ita ce a cikin kalmar Larabci hanan, wato tausayi, wadda ake raɗa wa 'yan mata. Ita ce kuma a cikin Hannatu. Sunan Hannatu ɗin nan da ya shiga Turai sai ya zama Anna, Ingilishi suka mai da shi Anne ko Ann. Wato John da Anne 'yan gida ɗaya ne, ko da yake a ido babu abin da ya haɗa su. Hatta Hannibal, jarumin birnin Kartaj na Tunisiya ta yau, wanda ya ƙetare duwatsun Alps da giwaye don ya yaƙi Rumawa, farkon sunansa daga saiwar nan yake.

Mutum biyu ne suka sa sunan ya bazu a duniya. Na farko ɗan Annabi Zakariyya, wanda Musulmi muka sani da Annabi Yahaya, amincin Allah ya tabbata a gare su, Kiristoci Hausawa kuma suke kira Yohanna Mai Baftisma. Na biyu ɗaya ne daga cikin almajiran Annabi Isa. A nan sai a yi hattara kaɗan. Mutumin da Bature yake kira John the Baptist shi ne Annabi Yahaya, amma lafazin Yahaya ɗin kansa malaman Larabci da dama sun danganta shi ne da kalmar rayuwa. Lafazin da ya bi hanyar Turai Yohanan ne.

Helenawa ne suka fara taɓa shi. Rubutunsu ba ya nuna sautin h a tsakiyar kalma, kuma suna son sunan namiji ya ƙare da s, sai suka ce Ioannes. Masu rubutu da Latin suka dawo da h ɗin, ya zama Iohannes. A bakin mutanen Faransa sautin y na farko ya rikiɗe ya koma j, tsakiyar sunan ta lotsa, aka sami Jehan, daga baya Jean. Da Normawa daga arewacin Faransa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, kuma da wannan lafazi na j sunan ya zauna a Ingila. Harafin h da kuke rubutawa a John ba ku furta shi, ragowar Latin ce da marubuta suka ƙi yarwa. Shi kansa harafin J yaro ne a cikin haruffa, sai a ƙarni na 17 masu buga littattafai a Ingila suka raba shi da I. Jamusawa har gobe Yohan suke furta Johann, kuma wutsiyar Johannes suka yanka suka sami Hans.

Masu kallon ƙwallo, za ku iya fitar da 'yan wasa sha ɗaya cif daga gidan nan. A sa Jan Oblak a raga. John Terry da John Stones da Phil Jones su tsare baya. Tsakiya a ba namu John Mikel Obi, da Juan Mata na Sifen, da Ivan Rakitić na Kuroshiya. Gaba kuwa ga Jack Grealish, ga Ian Wright, ga João Félix na Fotugal, ga marigayi Johan Cruyff na Holan. Koci ma ba sai an je nesa ba, Sean Dyche yana nan, domin Sean shi ne yadda mutanen Ayaland suka ji Jean na Normawa, kamar yadda Ian ya fito daga Sikotland. Da a ce Hausawa ne, duk wanda ya kira ɗaya sai sha biyu su waiwayo.

Wanda ya fi ba mutane mamaki a cikinsu Jack ne, don bai yi kama da John ba sai a harafin farko. Amma ku da kuka san Abubakar shi ne Habu, shi ne Buba, shi ne Bukar, shi ne kuma Garba, bai kamata wannan ya ɗaure muku kai ba. Wane baƙo ne zai ji Garba ya ce Abubakar ne? Ko ya ji Dije ya gano Khadija? Jack ma matakala ya bi. A Ingila ta wancan zamani wasu kan ce Jan maimakon John. Akwai kuma wata 'yar gaɓa, kin, da ta shigo daga yankin Flanders na Beljiyam ta yau, inda Ingilishi suke kai gashin tumaki sayarwa. Ana liƙa ta a ƙarshen suna don a nuna ƙanƙanta ko shagwaɓa, kamar mu ce ƙaramin wane. Jan ya zama Jankin, n ɗin tsakiya ta faɗi aka koma Jackin, aka datse ƙarshen, sai ga Jack. Gaɓar nan tana nan da ranta a kalmar napkin, wato ɗan ƙyalle, kuma ita ce a Jenkins, da Wilkins daga William, da Perkins daga Peter.

Sunan ya yi farin jinin da ya wuce misali. Masu binciken tsoffin takardun Ingila sun nuna cewa an yi ƙarnuka aƙalla namiji ɗaya cikin biyar sunansa John. Tsakanin 1377 da 1381 an ɗora wa jama'a haraji sau uku, kuma rajistar masu biya, wadda wasu sassanta suka kawo yau, cike take da shi. Harajin na uku ne ya tunzura talakawa suka yi bore a 1381, suka shiga Landan. Cikin jagororinsu akwai wani limamin coci John Ball, da wani da ake kira Jack Straw. Wanda suka fi tsana, har suka ƙona fadarsa, shi ne baffan yaron sarki, sunansa John of Gaunt. Mai zalunci John, mai kuka John. Abin dariya shi ne duk da wannan yawa, sarki ɗaya tak Ingila ta taɓa yi mai sunan. Ya yi mulki daga 1199 zuwa 1216, ya rasa ƙasar Normandi, hakimansa suka tilasta masa amincewa da yarjejeniyar Magna Carta a 1215, kuma tun daga kansa ba a ƙara naɗa wani John ba.

To, ƙauyen da ke da John goma, yaya mai karɓar haraji zai bambanta su? Yadda muke yi a unguwa. Wannan John maƙeri, wancan John tela, ga John dogo, ga na bakin kurmi, ga ɗan William. Maƙeri shi ne Smith. Taylor kuwa tela ne, kuma kalmarmu ta tela daga wannan tushe muka aro ta, kamar yadda kafinta ya fito daga Carpenter. Dogo shi ne Long. Ɗan kurmi a tsohon Turanci holt ake ce masa, daga nan John Holt ya sami sunansa, ɗan kasuwar Liverpool wanda kakanninmu suka mai da sunan kantinsa Janhol. Da farko laƙabi ne kawai, yana mutuwa da mai shi. Sannu a hankali, saboda gado da filaye da haraji, sai ya daskare ya koma na gida, har ɗan maƙerin da bai taɓa riƙe guduma ba yana amsa Smith. Zuwa wajen 1400 yawancin gidajen Ingila sun sami irin wannan suna na dindindin.

'Ya'yan John ɗin su ma ta nan suka yi nasu rassan. A arewacin Ingila an fi ƙara son, wato ɗa, aka sami Johnson da Jackson. A kudu da yamma s kaɗai ake ƙarawa, mai nuna mallaka, kamar a ce na John, shi ne Jones. Labarin yankin Wales ya fi daɗi. Su sun daɗe suna bin tsarin wane ɗan wane ɗan wane, da kalmarsu ap ko ab, kamar yadda Larabawa suke cewa bin. Lafazinsu na John ya haɗa da Ifan, wanda Ingilishi suka rubuta Evan. Da tsarin Ingila ya matsa musu su tsai da suna ɗaya, ab Evan ya manne ya zama Bevan, wasu suka ɗauki Evans, masu yawa kuma suka zama Jones. Yau Jones ne sunan gidan da ya fi yawa a Wales, a harshen da asali ma babu harafin J cikin baƙaƙensa. Aneurin Bevan, ministan da ya kafa tsarin kiwon lafiya na kyauta a Birtaniya a 1948, jikan wani Evan ne da ba wanda ya tuna.

Ina so ku tsaya a nan, domin maganar ta shafe ku kai tsaye. Gurbin da aka rubuta surname a fom ɗin WAEC ko NECO ko JAMB, gurbi ne da aka yanka daidai da waccan al'ada ta Ingila. Kalmar daga Faransanci take, sur na nufin a bisa, wato sunan da aka ɗora a kan suna. Mu kuwa yawancinmu har yanzu tsarin mutanen Wales na dā muke bi. Musa ɗan Ibrahim shi ne Musa Ibrahim, ɗansa kuma Sani Musa, kowane zamani suna na biyu yana canzawa. Ba ƙauyanci ba ne. Mutanen Aisland, a can ƙuryar arewacin Turai, haka suke yi har yau: ɗan Jón ya zama Jónsson, 'yarsa Jónsdóttir, kuma da sunan farko suke jera mutane a littafin lambobin waya. Wasunmu sun bi ta gari, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari da Tafawa Ɓalewa, wasu gidajen kuma, irin na Ɗantata, sunan kaka ya riga ya daskare. Abin da Ingila ta yi shekara ɗari shida da suka wuce, shi muke yi yanzu a kan idonmu. Amma kwamfuta ba ta san tarihi ba. Wanda ya sa sunan mahaifi a wannan takarda, sunan gari a waccan, ya rubuta Muhammad yau gobe Mohammed, a wurinta mutum biyu ne ko uku, kuma ranar neman shiga jami'a zai sha zirga-zirga. Ku zauna da iyayenku tun kuna aji uku ku tsai da jeri ɗaya da rubutu ɗaya, ya yi daidai da na katin ɗan ƙasa.

Ba kowane mai ɗauke da sunan nan ne ya gaje shi ta jini ba. Jackson da Johnson suna da yawa a cikin baƙaƙen fatar Amurka saboda kakanninsu bayi ne da aka raba su da sunayensu na Afirka. Wasu sunan ubangidan aka liƙa musu, wasu su suka zaɓa bayan sun sami 'yanci. Baƙar fata na farko da ya zama zakaran damben duniya ajin masu nauyi, a 1908, iyayensa a cikin bauta aka haife su. Sunansa na yanka John Arthur Johnson, duniya kuma ta san shi da Jack Johnson. Suna ɗaya sau uku a jikin mutum ɗaya.

Mu koma gareji. Da yake kowane lungu akwai Jack, sai sunan ya zama na kowane talaka, musamman yaron gida ko ɗan aike, kamar yadda malaminku yake cewa Audu idan zai ba da misali a allo. Mai saran itace ya zama lumberjack, mai taɓa kowace sana'a jack of all trades. Daga nan sai aka fara kiran duk wani ƙarfe ko katako da ya karɓi aikin yaron gida da sunan yaron. Katakon da mutum yake saƙala dunduniya ya cire doguwar takalminsa ba tare da an ja masa ba, bootjack. Na'urar da take juya nama a kan wuta maimakon yaro, ita ma jack. Ƙarfen da yake ɗaga kaya mai nauyi ya bi sahu, ya zo ƙasarmu tare da mota, muka ce jak. Ramin da kuke soka abin sauraro a jikin waya ma haka ake kiransa. A karta, katin da ke ƙasa da sarki da sarauniya, mai hoton bara, jack ne, kuma daga wasan karta kalmar jackpot ta fito. Caca ce, ku san asalinta ku bar ta inda kuka gan ta. Mutanen Sikotland Jock suke cewa, ƙaraminsa Jockey, wanda ya zama sunan mahayin dokin sukuwa. Daga shi aka ƙirƙiro disc jockey, wato mai hawan faifai. Duk DJ ɗin da ya cika muku kunne a gidan biki, J ɗinsa jikan Yohanan ne.

Na fara cin karo da waɗannan abubuwa ne a wani ƙaton ƙamus da ke ɗakin karatun makarantarmu, irin wanda bayan ya ba da ma'anar kalma yake ƙara layi ɗaya ko biyu a kan inda ta fito da ƙarnin da aka fara ganinta a rubuce. Yawancin ɗalibai tsallake layin suke yi. Ni a ganina ya fi ma'anar daɗi, kuma shi yake sa rubutun kalma ya zauna a kai, don wanda ya san dalilin h ɗin John ba zai ƙara mance ta ba. Shi ne kuma yake kare mutum daga tarkon da ya fi kama masu sha'awar wannan fanni, wato ɗaukar kama a matsayin dangantaka. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Ga misali. Bature yana kiran jaki namiji jackass, kuma jack ɗin ciki namu ne na John, domin sukan raɗa wa dabbobi sunayen mutane, macen ma jenny suke ce mata. Wani zai yi tsalle ya ce ashe daga nan muka sami jaki. Ina! Bahaushe yana ɗora wa jaki mangala yana kiransa da sunansa tun kafin ya taɓa ganin Bature. Haɗuwar sauti ce kawai. Jackal, wato dila, daga Farisanci ya bi ta Turkanci ya shigo. Jennifer ba 'yar gidan Jane da Joan da Janet ba ce, ko da yake su ukun nan mata ne na gidan John. Ita daga yankin Cornwall take da nata tushen daban. Jonathan kuma, sunan tsohon shugaban ƙasarmu, rabin ɗan uwa ne. Gaɓar farko ɗaya ce da ta Yohanan, amma ta biyu tana nufin bayarwa, Ubangiji ya bayar, kuma ita ce a sunan Nathan. Saboda haka tsohon mai tsaron bayan Manchester United, Jonny Evans, wanda sunansa na yanka Jonathan ne, ta Evans kaɗai ya shiga gidan.

Tarkon da ya fi duka wayo shi ne Jacques na Faransa. A kunne kamar tagwayen Jack ne, amma gidansa na Annabi Yakubu ne. Yakubu a Latin Iacobus ne, daga baya wasu suka ce Iacomus. Na farko ya ba da Jacob da Jacques, na biyu ya ba da James. Shi ya sa magoya bayan Sarki James na Biyu, wanda aka tumɓuke a 1688, ake kiransu Jacobites. Kalmar jacket ma ta Faransanci ta shigo, ba ta ƙofar John ba. Kamannin nan ya sa a shekarun 1960 aka yi shugabannin ƙasa biyu da abokansu suke kira Jack. John F. Kennedy na Amurka, wanda ya hau mulki a 1961, da gado ya sami nasa, ta hanyar Jankin. Janar Yakubu Gowon, wanda ya karɓi mulkin Najeriya a 1966, abokansa na soja ma Jack suke ce masa, amma shi ɗan gidan James da Jacques ne.